Kafin Ki Ɗaga Ƙarfe, Dubi Abin Da Ke Ƙafarki

 Yau za mu ajiye maganar girki da ɗinki a gefe guda, mu taɓo wata magana wadda na san wasunku da jin ta za su riƙe haɓa su ce, "Wannan kuma ai ta samari ce." Maganar kuwa ita ce ta wasan ɗaga ƙarfe, da irin takalmin da ya kamata mace mai koyo ta sa kafin ta kama ƙarfen.

Kada ki yi saurin juya shafi, uwargida. Tsaya tukuna ki lissafa abin da kike ɗagawa tun daga safe har dare. Jarkar ruwa mai cin lita 25, in ta cika, ruwan cikinta kaɗai kilo 25 ne. Buhun takin zamani kilo 50. Ga turmi, ga tukunyar biki, ga goyo a baya. Matan ƙasar Haɗejiya kuwa, tun daga Auyo har Kirikasamma da Guri, ba sai an gaya musu nauyin damin shinkafa ran girbi a fadama ba, ko na kwandon kifi irin wanda ake saukewa a kasuwar kifi ta Haɗejiya. Ashe ke nan mu duka masu ɗaga nauyi ne tun ba yau ba. Abin da ya raba mu da 'yan wasa shi ne, su an koya musu yadda za su tsaya, da inda za su kafa ƙafa, da abin da za su sa a ƙafar. Mu kuwa sai dai mu sunkuya mu cicciɓa, in baya ya riƙe mu ce sanyi ne ya kama mu.

Wane irin wasa ne?

Wasan ɗaga ƙarfe iri biyu ne manya. Akwai wanda ake yi a gasar Olamfik, inda ake fizgo ƙarfe daga ƙasa a ɗaga shi sama da kai. Akwai kuma wanda Turawa ke kira fawaliftin, watau gwajin ƙarfi zalla, shi ne kuwa abin maganarmu yau. Shi wannan ɗagawa uku gare shi. Ta farko tsuguno: a aza sandar ƙarfe a kafaɗa, a tsuguna da ita, a miƙe. Ta biyu turin benci: a kwanta rigingine bisa benci, a sauko da ƙarfe kan ƙirji, a tura shi sama. Ta uku cicciɓa: a sunkuya a ɗauko ƙarfe daga ƙasa har a miƙe tsaye da shi. Sandar kanta, tun ba a zura mata faifan ƙarfe ko ɗaya ba, kilo 20 ce. Ƙungiyar da ke kula da wasan a duniya, IPF, an kafa ta cikin 1972, kuma a 1980 aka fara gasar duniya ta mata a garin Lowell na ƙasar Amurka.

Matan Nijeriya ba baƙi ba ne a wannan fage. A 2000, shekarar da aka fara barin mata su ɗaga ƙarfe a Olamfik, Ruth Ogbeifo ta ciyo lambar azurfa a birnin Sidni. Mariam Usman ta ci zinariya a gasar ƙasashe renon Ingila da aka yi a Gilasgo cikin 2014, daga baya kuma aka ba ta tagullar Olamfik ta 2008, bayan an gano cewa wasu da suka sha gabanta sun yi amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari. A gasar naƙasassu kuwa, inda turin benci kaɗai ake yi, ba a ja da matanmu. Lucy Ejike, wadda shan inna ta sa ta zama bisa keke, ta tura kilo 142 a birnin Riyo cikin 2016. A wannan gasa Nijeriya ta ci zinariya 6 a ɗaga ƙarfe, 4 daga ciki mata ne suka ciyo. Folashade Oluwafemiayo ta tura kilo 167 a Faris cikin 2024, watau fiye da buhu uku na taki, tana kwance. Wadda kuma ke tunanin sutura, sai ta dubi Sara Ahmad ta ƙasar Masar, wadda ta ci tagulla a Olamfik ta 2016 da azurfa a ta 2024, kanta a rufe, jikinta a suturce.

Ba sai kina nufin shiga gasa ba kafin wasan ya amfane ki. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin shawarwarin da ta fitar a 2020, ta ce ya kamata kowane babba ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako, yara 'yan shekara 5 zuwa 17 kuwa kwana 3. Mu mata mun fi kowa bukatar jin wannan, domin ƙashin mace kan fara raguwa da sauri bayan al'ada ta ɗauke, kuma ƙashin da aka gina tun ana budurwa shi ake ci a tsufa. To, amma da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Wadda za ta yi, sai ta yi shi bisa ƙa'ida, ƙa'idar kuwa daga ƙasa take farawa.

Ƙafa kamar murhu take

Kowace ƙafa tana da ƙasusuwa 26, kuma duk nauyin da kika aza a kafaɗa, a kansu zai sauka kafin ya isa ƙasa. In kin tsaya ba takalmi kika lura da kyau, za ki ji tafin ƙafarki ya dafe ƙasa a wuri uku: dunduniya, da gindin babban yatsa, da gindin ƙaramin yatsa. Waɗannan su ne duwatsun murhunki. Duk macen da ta taɓa girki ta san abin da ke faruwa in dutse ɗaya ya zame alhali tukunya na tafasa. Haka nan in ɗaya daga cikin wuraren nan uku ya ɗaga sa'ad da kike ɗauke da ƙarfe, sai gwiwa ta karkata ciki, ƙugu ya goce gefe, gadon baya ya karɓi aikin da ba nasa ba.

Ki tuna kuma da bambancin ɗaukar kaya a tudu da ɗaukarsa a cikin lakar fadama. A tudu da kin yunƙura kaya ya tashi. A laka kuwa sai ƙafa ta fara nutsewa tukuna, ƙarfinki ya tafi cikin taɓo, kina tangal-tangal kina neman inda za ki dogara. To, takalmi mai laushin ƙasa laka ce kika ɗaura wa ƙafarki. Saboda haka abu uku ake nema ga takalmin ɗaga ƙarfe: ƙasansa ya zama mai tauri wanda ba ya lotsawa, ya zama shimfiɗaɗɗe mai kama daɓe ba ya santsi, kuma ya riƙe ƙafa gam kada ta yi yawo a ciki. In takalmi ya cika waɗannan uku, ko ba shi da suna ya yi. In ya rasa ɗaya, ko daga Ingila aka kawo shi bai yi ba.

Takalman da za ki guje wa

Na farko, kuma wanda ya fi ruɗin masu koyo, shi ne kambas na gudu, irin mai kaurin soso a ƙasa. Mace ta ji za ta fara motsa jiki sai ta tafi kasuwa ta zaɓo wanda ya fi kowanne laushi, tana ganin ta yi dabara. An yi shi ne domin ya tsotse bugun ƙafa lokacin gudu, aikinsa ke nan, kuma yana yin sa. Amma ɗaga ƙarfe da shi daidai yake da tsayawa bisa katifa da tulu a ka. Sosan ba ya lotsawa daidai wa daida, sai gefe ɗaya ya fi nutsewa, idon sawu ya karkace. Bugu da ƙari, yawancinsu an ɗage musu hanci sama domin sauƙin taku, sai yatsu su rasa inda za su kama.

Na biyu silifa da fade da duk takalmin da ba ya rufe dunduniya. Gumi kaɗan ya isa ya sa ƙafa ta sulɓe, hancin silifa kuwa ba ya sallama kafin ya tsinke. Na uku takalmi mai tsini na zuwa biki. Kada wata ta ji an ce takalmin tsuguno yana da tudun dunduniya ta ɗauko na cikin lefe, kama da wane ba ta wane. Na huɗu takalmin ƙwallo mai haƙora, wanda 'yan makaranta kan ara wurin yayyensu maza. A ciyawa aka yi shi ya kama, a kan siminti kuwa sai ya mai da ke kamar akuya bisa kwano. Na biyar dogon takalmin roba na shiga ruwa, wanda ake sawa a gonar shinkafa: ƙafa tana iyo a cikinsa, ba ruwansa da wannan aiki.

Kowace ɗagawa da abin da take so

Mu fara da cicciɓa, domin ita ce ta fi kama da aikinmu na kullum. Faifan ƙarfe babba faɗinsa santimita 45 ne, saboda haka sanda tana zaune wajen santimita 22 daga ƙasa. Duk kaurin da takalminki ya ƙara, ya ƙara miki nisan sunkuyo da nisan ja. In kuma dunduniyarsa ta fi gabansa tudu, sai ya tunkuɗa ki gaba, ƙarfe ya yi nesa da ƙwauri, kaya kuwa in ya yi nesa da jiki baya ne ke biyan bashi. Don haka a cicciɓa ana son takalmi marar tudu, mai siririn ƙasa, kamar dai kina tsaye bisa daɓe. Masu gasa har wani ɗan takalmi suke sawa mai kama da safa, da siririyar roba a ƙasa. Wasu mata kan fi son su ware ƙafafu sosai su kama sanda ta tsakiya. Mai irin wannan tsayuwa ƙafarta gefe take turawa, saboda haka sai ta nemi wanda gefensa ke da ƙarfi, ƙasansa kuma yana cizon daɓe.

A tsuguno ne ake samun saɓani, domin nan ne takalmi mai tudun dunduniya ke shigowa. Takalmin tsuguno na ainihi yana da dunduniya mai tauri kamar dutse, mai faɗi, tudunta wajen santimita 2, da maɗauri bisa ƙafa ban da igiya. Na da can da katako ko fata mai hawa-hawa ake yin dunduniyar, na yanzu kuwa yawanci da roba mai tauri. Amfaninsa shi ne, yana barin gwiwa ta matsa gaba ba tare da dunduniya ta ɗaga ba, sai ƙirji ya tsaya a miƙe, mace ta sauka ƙasa sosai. Sauka kuwa dole ce, domin a gasa in saman cinya ta wajen ƙugu bai yi ƙasa da gwiwa ba, alƙalai ba su karɓar ɗagawar.

Sai dai ba kowa ke bukatarsa ba, a nan ma mu muna da sa'a. Baturen da ya tashi bisa kujera tun yana yaro, agararsa takan ɗaure, in ya tsuguna sai dunduniya ta tashi. Da yawa daga cikinmu kuwa a tsugune muke fifita wuta, a tsugune muke wanke-wanke da tsintar shinkafa, idon sawunmu ya saba. Ga yadda za ki gwada kanki a ɗaki. Cire takalmi ki fuskanci bango, ki ajiye ƙafa ɗaya yadda babban yatsa zai yi nisan santimita 10 daga bangon, watau kamar faɗin tafin hannunki. Sai ki tura gwiwa gaba ta taɓa bango, dunduniya tana manne da ƙasa. Ki yi wa ɗaya ƙafar haka. In duka biyu sun taɓa ba wahala, takalmi shimfiɗaɗɗe ya ishe ki. In dunduniya tana tashi, ko kuwa in kin tsuguna kina jin kamar za ki faɗi ta baya, sai ki sami ɗan falankin katako mai kaurin santimita 2 ki taka da dunduniya, ki tsuguna hannu wofi. In kin ji tsugunon ya gyaru, to ke ce mai tudun dunduniya zai yi wa amfani nan gaba. Masu dogayen cinyoyi su ma sukan ji daɗinsa. Amma katakon nan na gwaji ne kawai, kada ki hau shi da ƙarfe mai nauyi a kafaɗa.

Turin benci kuwa, kada ki ce ai a kwance nake, ina ruwan ƙafa. Da ƙafa ake tokare ƙasa jiki ya ɗaure, kuma dokar IPF ta ce tafin ƙafa ya zauna daram a ƙasa har a gama. Tsayin benci santimita 42 zuwa 45 ne, gajeruwar mace sau da yawa ƙafarta ba ta kaiwa sosai. An yarda a sa mata faifai ko katako a ƙarƙashin ƙafa, kuma takalmi mai tudun dunduniya yakan taimaka mata. Abin da ake tsoro a nan shi ne santsi, domin in ƙafa ta zame alhali ƙarfe yana bisa ƙirji, ba a san inda zai faɗa ba. Kada ki kuskura ki yi turin benci ke kaɗai ba mai tsaya miki a ka.

To, wanne mai koyo za ta saya?

Amsar a taƙaice ita ce: takalmi ƙafa ɗaya tak, kambas na yadi mai shimfiɗaɗɗen ƙasan roba mai tauri, mai igiya, irin wanda 'yan makaranta ke sawa ran wasanni. Shi kaɗai zai yi miki ɗagawar nan uku har tsawon watanni masu yawa. Wanda ya yi suna a wannan fasali shi ne Converse All Star, wanda aka fara yi cikin 1917 domin ƙwallon kwando, masu ɗaga ƙarfe suka mai da shi nasu saboda shimfiɗar ƙasansa. Irinsa sun cika kasuwa da sunaye iri-iri. Aibinsa guda shi ne matsattsen baki, ƙafar da ta saba da silifa kuwa yatsunta a baje suke, saboda haka mai faɗin ƙafa ta nemi mai faɗin gaba.

Takalman tsuguno na kamfani, irin su Nike Romaleos da Adidas Powerlift, suna da kyau ƙwarai, amma sabo daga cikinsu ya fi kuɗin buhun shinkafa nesa ba kusa ba, kuma ba a cicciɓa da su. Ba dabara ba ce mace ta taɓa kuɗin adashinta ko ta matsa wa maigida a kan abin da ba ta tabbatar za ta dawwama a kai ba. Ki yi wata shida kina koyo tukuna. In kin ga kin riƙe wasan, gwajin bango kuma ya nuna kina bukata, sa'an nan ki nema, ko a gwanjo. In baduku ko mai gyaran takalmi za ki ba ya ƙara wa kambas ɗinki dunduniya, ki tsaya a kansa ya yi da roba mai tauri ko fata, ya auna ƙafa biyun su zo daidai, ya bi da tudun a hankali har tsakiyar takalmi yadda ƙasan zai zauna a shimfiɗe, ya kuma ɗinke bayan ya sa gam.

Zama ba takalmi fa? A cikin gida, bisa daɓe mai tsabta marar santsi, da nauyi kaɗan, ƙafa tsirara ta fi kambas mai soso sau goma, kuma tana koya wa mai koyo jin duwatsun murhun nan uku. Amma tsakar gida ba ta rasa ƙusa ko tsakuwa, kuma a gasa ba a yarda ba. Kada kuma ki tsaya da safa kaɗai bisa tayil ko leda. Ki sani dai ba kambas ɗin da zai ceci yatsa in faifan ƙarfe ya faɗo masa, ko gwangwanin siminti irin wanda samari ke haɗawa a unguwa. Maganin wannan shi ne a ɗaure faifai da kyau, a kuma kori yara daga wurin.

Wadda ke da burin gasa ta riƙe waɗannan dokoki na IPF tun yanzu, don ba a fafe gora ranar tafiya. Dole a sa takalmi. Kaurin ƙasansa kada ya wuce santimita 5 a ko'ina. Ƙasan ya zama shimfiɗaɗɗe ba haƙora. Shimfiɗar ciki wadda ake cirewa kada ta wuce santimita 1. A cicciɓa kuma dole a sa doguwar safa mai rufe ƙwauri, domin sanda takan goge fata har jini ya fito, ga kuma wata za ta kama sandar bayanki.

Ran zuwa kasuwa

Ko a kasuwar Haɗejiya za ki saya, ko kuwa a Ƙofar Wambai ko Sabon Gari in an shiga Kano, ki tafi da yamma, domin ƙafa takan ɗan kumbura bayan yinin aiki, wanda ya yi miki daidai da safe sai ya matse ki da la'asar. Ki tafi da safar da za ki riƙa sawa. In ba ki fita, maigida ko ɗanki za ki aika, to ki taka takarda a tsaye a zana miki ƙafa biyun, a tafi da zanen wadda ta fi girma, a kuma yi sharaɗi da mai kaya cewa in bai yi ba za a musanya. Lamba kaɗai ba abin dogara ba ce, domin 39 na wannan kamfani ba lalle ya zama 39 na wancan ba.

In takalmi ya zo hannunki, ki gwada shi kamar yadda kike gwada ƙwarya kafin ki biya. Danna dunduniyarsa da babban yatsa ta ciki da ta waje: in ta lotsa kamar burodi, ajiye. Kama shi gaba da baya ki murɗa kamar za ki matse wanki: in ya murɗe ba gardama, ba zai riƙe ki ba. Ajiye shi a daɓe ki taɓa gefensa: in ya yi rawa, ƙasansa ba daidai yake ba. Sa'an nan ki sa ƙafa biyun, ki ɗaure igiya har sama, ki tabbata akwai sarari kamar santimita 1 gaban dogon yatsanki, yatsu suna motsi, dunduniya kuwa ba ta fita. Ki tsuguna a ciki sau biyu ko uku. Kada kunyar mai kanti ta hana ki, kuɗinki ne, gwiwarki ce.

Gwanjo yana da rufin asiri, amma araha ba ta ado in ba a duba ba. Juya takalmin ki dubi ƙasansa. In gefe ɗaya ya fi cinyewa, to ya ɗauki karkatar ƙafar mai shi na farko, kuma zai koya wa taki. Lanƙwasa shi ki ga ko gam ya fara buɗe baki. Wasu takalman sun daɗe a ajiye, a ido kamar sababbi, amma robar ta mutu, mako guda sai ta fara marmashewa. Ki kankare ta da farce ki gani. In kin saya, ki wanke da sabulu ciki da waje, ya bushe sarai kafin ki sa, saboda cin ruwa da ƙaiƙayin tsakanin yatsu.

Uwa mai saya wa 'yarta kuma, na san al'adarmu ta sayen babba don a girma a ciki. A rigar makaranta wannan tattali ne. A takalmin ɗaga nauyi kuwa ganganci ne, domin ƙafar da ke yawo cikin takalmi ita ke targaɗe. Kada kuma a cusa tsumma ko takarda a gaba wai don ya cika.

Kula da shi a irin yanayinmu

Takalmin nan na wasa ne kaɗai. Ki riƙe shi a jaka ki tafi da silifa, sai kin isa ki sa. In kika mai da shi na zuwa kasuwa da gidan suna, ƙasansa zai cinye ya karkace. Da bazara, sa'ad da zafin ƙasarmu kan haura digiri 40, kada ki bar shi bisa kwano ko a rana tsaka, gam yakan saki. A inuwa mai iska ake shanya shi. Da damina, musamman a garuruwan bakin kogi inda danshi ke shiga ɗaki, kamar yadda aka sha fama a ambaliyar 2020 da ta 2022, ki rataye shi sama, ki cusa masa tsohuwar jarida ta tsotse laima don kada ya yi fumfuna. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba: siminti mai ƙura santsi gare shi kamar an zuba kuɓewa, saboda haka ki share wurin, ki goge ƙasan takalmi da ɗanyen tsumma kafin ki fara. Kafin ki zura ƙafa kullum, ki kakkaɓe shi saboda kunama.

Ƙafar ma tana son kulawa. Ki yanke farce, ki cire zoben yatsa da sarƙar ƙafa, ki shafa mai a faso da dare. Ki sa wando a ƙarƙashin doguwar riga wadda ba ta jan ƙasa, domin bakin zani in ya shiga ƙarƙashin takalmi kayar da mutum yake yi.

Jan kunne

Mai ciki da mai jego, da wadda aka yi wa aiki wajen haihuwa, da mai hawan jini, kada ɗayansu ta kama ƙarfe sai ta shawarci likita ko ma'aikaciyar awo a asibiti. Ciki yakan sassauta jijiyoyin gaɓoɓi, har ƙafar wasu matan takan ƙara tsawo da faɗi ta zauna haka, saboda haka bayan haihuwa ki sake awon ƙafa, kada ki dogara da takalmin amarci. Mai ciwon sukari kada ta yi wasa ba takalmi ko kusa, kuma ta duba ƙafarta bayan kowane wasa, domin ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. 'Yan makaranta kuwa su fara da sandar tsintsiya ko taɓarya a gaban malamar wasanni, su ƙware a tsayuwa kafin a ƙara nauyi, kuma da sanin iyaye. In kin ji zafi mai suka a gwiwa ko baya, ki ajiye ƙarfe ki nemi asibiti, kada ki danne shi da ƙwayar kashe ciwo ki ci gaba.

Ke kuma uwargida da kika ce ba ki da niyyar taɓa ƙarfe har abada, darasin bai bar ki a baya ba. Gobe in za ki sauke jarka daga kura ko ki ja buhu zuwa ɗaki, ki cire silifar nan mai santsi, ki kafa ƙafa biyu a busasshen wuri, ki matso da kayan jikinki, ki lanƙwasa gwiwa, ki miƙe da ƙarfin cinya. In ya fi ƙarfinki ki kira a kama miki, hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Wadda ke da tambaya a kan wannan magana, ko wadda ta riga ta fara wasan tana son ta ba 'yan'uwa shawara, ƙofar wannan fili a buɗe take, sai ta rubuto mana.